Hannun Jarin Sola Ya Faɗi: Yaya Ya Ƙara Saye Ko Ya Dakata?

Duk wanda ke zaune a Kaduna a ƙarshen watan Oktoban 2024 ba zai manta ba. Kusan kwana goma aka yi babu wuta a yawancin jihohin Arewa, bayan layin dakon lantarki da ke tasowa daga Shiroro zuwa tashar Mando ya lalace, sannan wanda aka koma dogaro da shi ta ɓangaren Binuwai shi ma ya tsaya. Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa zuwa Malali, ruwan sanyi ya zama kayan gabas, masu shagon cajin waya suka zama sarakuna, ɗalibai kuma suka koma karatu da tocila. Gidan da ka ga haske da dare ba ka ji ƙarar janareta ba, ɗaga kai ka dubi rufinsa, farantan sola za ka gani.

Dama tun kafin nan sola ta fara shiga gari. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, shan man janareta ya gagari talaka. A Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Yanzu idan ka zaga shagunan kayan lantarki da ke kewayen Kasuwar Gumi da titin Ahmadu Bello, abin da za ka fi gani a jingine a bakin ƙofa shi ne faranti da inbata da batir.

To, a nan ne wani tunani ke zuwa wa matasa da yawa, kuma ba tunanin banza ba ne. Tunda kowa sola yake saye, ai kamfanonin da ke ƙera kayan suna kwasar kuɗi ke nan. Me zai hana in sayi hannun jarinsu in ci riba tare da su?

Yaya da wayarsa

Mu ɗauki misali da wani yaya, irin wanda ake da shi a gidaje da yawa. Ya gama bautar ƙasa, ya samu ɗan aiki, ya sauke manhajar sayen hannun jari a waya. Ya zuba Naira 200,000 a wani kamfanin ƙetare mai ƙera inbata. Bayan wata shida ya duba, kuɗin sun koma Naira 100,000. A gefe guda kuma akwai Naira 150,000 da Baba ya ba shi ajiya, na rajistar WAEC da JAMB ɗin ƙaninsa da sauran hidimar makaranta, kuma sai nan da wata huɗu za a buƙace su.

“Kai ba za ka gane ba,” in ji shi ga ƙanin. “Yanzu ne ya yi araha. In na ƙara saye yanzu, da ya ɗan motsa na mayar da kuɗina har da riba.”

“Yaya, to in ya ƙara faɗuwa fa?”

“Ina zai faɗi kuma? Ba ka ga yadda ake rububin sola ba?”

Wannan tambaya ta ƙanin ita ce muke so mu zauna a kanta yau, domin manyan masu kuɗi na duniya ma ita ce ke hana su barci.

Ga wanda bai sani ba, hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Idan kamfani ya kasa kansa gida miliyan ɗaya ka sayi gida goma, to kana da rabo a ribarsa, kana kuma da rabo a asararsa. Farashin gida ɗaya kuwa ba kamfanin ke yanka shi ba, masu saye da sayarwa ne, kamar dai yadda farashin buhun masara ke hawa da sauka a kasuwa. Harkar ba baƙuwa ba ce a garinmu. An kafa kasuwar hannayen jari ta Legas a 1960, aka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1977, kuma reshenta na farko a wajen Legas a nan Kaduna aka buɗe shi a 1978. Yau sunanta NGX. Abin da ya sauya shi ne, da sai ka taka ka je ofishin dillali ka cike takarda, yanzu kuwa kana kwance a kan katifa za ka iya zubar da albashin wata.

Kaya na tafiya, kamfani na kuka

Kuskuren Yaya na farko shi ne ɗaukar cewa yawan ciniki shi ne riba. Tambayi duk mai sayar da ruwan leda: in masu sayarwa suka yi yawa a layi ɗaya, kowa na ciniki amma babu mai samu.

Abin da ya faru da sola ke nan. Ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawan farantan da duniya ke amfani da su, kuma ta gina masana'antu fiye da abin da kasuwa za ta iya shanyewa. Daga 2023 zuwa 2024 farashin faranti a kasuwar duniya ya karye da kusan rabi. Ga mai gida a Hayin Banki da ke son haske, wannan labari ne mai daɗi. Ga masu ƙerawa kuwa annoba ce, har manyan kamfanonin Sin ɗin da kansu suka riƙa bayyana asara alhali kayansu na fita kamar ba gobe.

Dubi kamfanin Enphase na Amurka, mai ƙera ƙananan inbata da ake maƙalawa a bayan kowane faranti. A 2017 hannun jarinsa ɗaya bai kai Dala ɗaya ba. A ƙarshen 2022 ya haura Dala 300. Wanda ya saya da wuri ya riƙe, ya ninka kuɗinsa fiye da sau 300, kuma irin wannan labarin ne ake yaɗawa a TikTok. Sauran labarin ne ba a cika faɗa ba. Kafin ƙarshen 2023 farashin ya sauko ƙasa da Dala 100, a 2025 kuma ya faɗo ƙasa da Dala 40.

Me ya same shi? Kayansa ba su lalace ba. A wancan lokacin yawancin Amurkawa da bashi suke sa sola a gida, kuma Babban Bankin Amurka ya yi ta ƙara kuɗin ruwa tun daga Maris ɗin 2022 har ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023, bashi ya yi tsada, masu saye suka ja baya. Sannan Kalifoniya, jihar da ta fi kowace sayen sola a ƙasar, ta rage kuɗin da ake biyan masu gida a kan rarar wutar da suke turawa layin gari daga Afrilun 2023. Ka lura, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da za ka iya hangowa daga Kasuwar Gumi. Rububin da Yaya ke gani a Kaduna gaskiya ne, amma kamfanin da ya saya ba da cinikin Kaduna yake rayuwa ba.

Wanda ya sayi Enphase a Dala 300 ya ga ya koma 200, ya ce ya yi araha ya ƙara, sai ya koma 100. Ya sake cewa yanzu kam ai ya kai ƙasa, sai ya koma 40. A kowane mataki maganarsa irin ta Yaya ce.

Mu yi lissafin tare

Ɗauko biro. Don sauƙi mu yi shi da Naira. A ce Yaya ya sayi hannun jari 100 a kan Naira 2,000 kowanne, jimla Naira 200,000. Farashi ya koma Naira 1,000. Abu na farko da ke ruɗar mutane: ya faɗi da kashi 50 cikin 100, amma kafin ya koma inda yake sai ya tashi da kashi 100 cikin 100, wato sai ya ninka kansa. Gangara da hawa ba tsawonsu ɗaya ba ne a wannan kasuwa.

Idan ya ɗauki Naira 150,000 ɗin nan ya sayi ƙarin 150, yana da 250 ke nan, ya kashe Naira 350,000. Raba ka gani: kowane ɗaya ya tsaya masa a kan Naira 1,400. A nan Yaya yana da gaskiya, maimakon ya jira farashi ya koma 2,000, da ya kai 1,400 ya fita daga asara. Wannan ne abin da ke jan hankali.

Yanzu juya takardar. A ce farashin ya sake rabewa biyu ya koma Naira 500. In ya ƙara saye, 250 ɗinsa sun zama Naira 125,000, ya yi asarar 225,000, kuma kuɗin jarrabawa sun tafi a ciki. In bai ƙara ba, 100 ɗinsa sun zama Naira 50,000, ya yi asarar 150,000, amma ajiyar Baba na nan daram. Ƙarin saye yana matso da ranar fita daga asara idan abu ya yi kyau, yana kuma zurfafa ramin idan bai yi ba. Yaya ɓangare ɗaya kawai yake nuna wa ƙaninsa.

Akwai kuma wani abu da lissafin ya ɓoye. Naira 2,000 ɗin da ya fara saye da ita, babu wanda ya san da ita sai shi. Kasuwa ba ta riƙe masa alkawarin komawa can ba. Shi ne ya maƙale lambar a ransa saboda ɗacin asara, har yake kiran 1,000 “araha” don kawai ta gaza abin da ya biya.

Biyu sun faɗi, ɗaya ya tashi

Kada a ce mun ce duk abin da ya faɗi ya mutu. Ga labarin kamfanoni biyu.

SunPower na daga cikin tsofaffin sunaye a harkar sola a Amurka, ya shafe shekaru gommai ana yabon ingancin farantansa. Hannun jarinsa ya yi ta sauka, masu ƙarin saye suna ta ƙarawa. A Agustan 2024 ya je kotu ya bayyana cewa ya karye. Idan kamfani ya karye, masu binsa bashi ake fara biya, masu hannun jari su ne na ƙarshe a layi, kuma yawanci kafin a zo kansu tukunya ta ƙare. Har yanzu farantan SunPower na kan rufin gidaje suna ba da wuta, amma masu hannun jarinsa sun tashi a tutar babu. Wannan ne bambancin hannun jari da buhun masara. Wanda ya ɓoye hatsi farashi ya karye, aƙalla zai ci tuwo.

Na biyun shi ne Siemens Energy na Jamus, mai ƙera injinan tashoshin wuta da manyan taransfoma. Sunan Siemens ba baƙo ba ne a nan, da su gwamnatin Buhari ta ƙulla yarjejeniyar gyaran lantarki a Yulin 2019. A watan Yunin 2023 kamfanin ya sanar da cewa an gano matsala a injinan samar da wuta daga iska da reshensa ke ƙerawa, hannun jarinsa ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku a yini guda. A Oktoban shekarar ya sake yin irin wannan faɗuwa, ya sauko wajen Yuro 7, har sai da gwamnatin Jamus ta tsaya masa. Amma kafin ƙarshen 2024 ya kai wajen Yuro 50, domin duniya ta shiga neman taransfoma da injinan gas ruwa a jallo, musamman don ciyar da manyan rumbunan kwamfuta. Wanda ya ƙara saye a ranar baƙin ciki ya ninka kuɗinsa kusan sau bakwai.

To, ranar da kowannensu yake ƙasa, yaya za ka bambance su? Ba ta kallon layin da ke hawa da sauka a waya ba, domin a can kamanninsu ɗaya. Bambancin na cikin littattafan kamfani. Siemens Energy yana da wasu sassa masu kawo riba da tarin odar kaya da ba a kammala ba, ciwon a reshe ɗaya yake. SunPower kuwa kuɗin hannunsa ne suka ƙare, ga bashi. Ko da haka, mu faɗi gaskiya, ƙwararru da yawa masu karanta waɗannan littattafai sun yi kuskure a kan duka biyun. In su da ke cin abinci da wannan aiki sun ɓata, ina ga wanda ya ji labari a majalisa?

Hangen Dala

Mai sayen hannun jarin ƙetare daga Najeriya caca biyu yake yi a lokaci guda, ta kamfani da ta canji. Kafin Yunin 2023 Dala na wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500, ta sauko wajen 1,100 zuwa 1,200 a Afrilu, ta sake hawa. Wani lokaci faɗuwar Naira kan rufa wa mai asara asiri, sai ya ga Nairorinsa ba su ragu sosai ba alhali kamfanin na nutsewa. Wani lokaci kuma Naira ta farfaɗo ta cinye masa ribar da ya samu. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba, kuma da alama maganar ta hau kan Dalar Amurka fiye da ta Kano.

A gida kuwa kamfanonin ƙera kayan lantarki ba su da yawa a NGX. Akwai irin su Cutix na Nnewi mai yin wayar wuta. Waɗanda suka fi suna masu samar da wutar ne, kamar Geregu da ya shiga kasuwa a Oktoban 2022 a kan Naira 100 ya kai 1,000 a 2024, da Transcorp Power da ya shiga a Maris ɗin 2024. A NGX akwai ƙa'idar cewa farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a yini ɗaya. Kada wannan ya sa ka saki jiki: kashi goma kullum, cikin kwana bakwai na ciniki an wuce rabi.

In kana son shaida ta kusa, tambayi Baba ko Malam game da 2008. Bayan an tilasta wa bankuna tara jarin Naira biliyan 25, sun yi ta tallar hannun jari, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta saye, wasu har da bashin banki. A Maris ɗin 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000. Kafin ƙarshen 2009 ya koma wajen 21,000, kuma a Agustan shekarar ne Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Akwai gidaje a garin nan da har yau takardun shaidar hannun jarin wancan lokaci ke kwance a ƙasan akwati, ba a son ko ɗaga zancen.

Abin da za mu ce wa Yaya

Da Yaya zai saurare mu, da tambaya ɗaya za mu fara: a ce ba ka taɓa sayen kamfanin nan ba, yau aka miƙo maka Naira 150,000, shi za ka zaɓa a cikin duk abin da ake iya yi da kuɗi? In amsar ita ce a'a, to ba jari kake son zubawa ba, fansar asara kake nema.

Sai mu tambaye shi dalilin faɗuwar. Ba “kasuwa ce kawai” ba, a'a, ya faɗa mana da bakinsa: cinikin kamfanin ya ƙaru ko ya ragu a rahotonsa na wata uku na ƙarshe? Riba yake ci ko asara? Nawa ake binsa, nawa ke hannunsa? A wace ƙasa yake sayar da kayansa? Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari dole ne ya wallafa waɗannan, kyauta ake karanta su. Wanda bai iya amsawa ba, bai san abin da ya saya ba tun farko, ballantana ya ƙara.

Wannan binciken ma yana da wani amfani ga mai kula da halal da haram. Ƙera inbata ba shi da aibi, amma masu tantance kamfanoni bisa shari'a suna duba har yawan bashin ruwa da ke kan kamfani. NGX na da ma'auni na musamman na irin waɗanda suka tsallake wannan tantancewa, mai suna Lotus Islamic Index, tun 2012.

Amma game da Naira 150,000 ɗin nan, ba ma buƙatar wani dogon nazari. Kuɗi ne masu aiki, masu rana, kuma ba nasa ba ne. Ko da kamfanin Yaya irin Siemens Energy ne, wanda ya saya bayan faɗuwar Yuni ya ƙara ganin wata faɗuwar a Oktoba, wata huɗu cif, daidai lokacin da za a ce ya kawo kuɗin rajista. Da ya sayar dole a ranar da farashi ya fi kowane lokaci lalacewa, tashin da ya biyo baya ya wuce shi. Hukumar jarrabawa ba ta jiran kasuwa ta farfaɗo. In bayan ya karanta ya gamsu yana son ƙarawa, ya yi daga albashinsa, kaɗan-kaɗan, adadin da in ya ɓace gaba ɗaya ba za a fasa ɗora tukunya ba, kuma ya rubuta tun yanzu iyakar da ba zai wuce ba a kamfani ɗaya. Ya kuma tabbatar manhajar da yake amfani da ita na da rajista da hukumar SEC. Waɗanda MMM ta cinye a 2016 da waɗanda CBEX ta kwashe a 2025 ko kamfani na gaske ba su saya ba.

Ku kuma da ba ku kai shekara 18 ba, sai ta hannun iyaye ake buɗe muku asusu, kuma ba mu ga abin gaggawa ba. Ga abin da za ku iya farawa a wannan zangon karatu ba tare da ko kwabo ba. Ku ware shafi huɗu a bayan littafin Ikonomiks. Kowa ya ba kansa Naira 100,000 ta baki, ya zaɓi kamfani biyu, ɗaya na NGX ɗaya na ƙetare. Duk ranar Juma'a bayan an tashi, ku duba farashi ku rubuta, tare da canjin Dala na ranar. Kuna iya saye ko sayarwa yadda kuka ga dama, da sharaɗi ɗaya: kafin kowane motsi sai ka rubuta dalilinka a jimla biyu, ka sa kwanan wata, abokin zamanka ya sa hannu don kada ka goge. Ranar da za a ba da hutu ku haɗu ku karanta dalilan da ƙarfi, ku fara da na makon da farashi ya fi faɗuwa.